Zane da ƙawa a jikin sarewar Ayalan: me ke taɓa murya, me ke tsayawa a ido?

Duk mai neman sarewar gargajiyar Ayalan a kasuwar intanet zai ci karo da abin da ke ɗaure kai. Ga wata an yi mata koren fenti, an lulluɓe ta da zanen igiya mai sarƙaƙiya, har da ganyen nan mai kunne uku da ƙasar ta shahara da shi, amma kuɗinta bai wuce yuro 15 ba. Ga wata a gefenta, tagulla zalla, babu ko ɗigon zane, sai ka ga ana neman yuro 200 ko fiye, kuma sai an bi layi na watanni. A nan gardama ke tashi tsakanin masu koyo da masu saye. Wasu sun rantse zane da fenti suna kashe murya. Wasu sun ce azurfa da zinariya suna ƙara mata zaƙi. Wasu kuma sun ce duk camfi ne, son zuciyar mabusa ne kawai. Kowane ɓangare ya riƙe guntun gaskiya, kuma ba a raba gardamar sai an san daga ina sautin yake fitowa tukuna.

Ina muryar take?

Abin da Turawan Ingila ke kira tin whistle, mutanen Ayalan kuma su ce feadóg stáin da harshensu, bututu ne mai ƙofofi shida a sama, ana busa shi ta kai kamar usur. Wanda aka fi yayi shi ne mai muryar D, wato sunan muryarsa ta ƙasa a haruffan kiɗan Turawa: tsawonsa wajen santimita 30, faɗin cikinsa milimita 12 zuwa 13. Akwai kuma babbar, mai kaurin murya, wadda ta kusa ninka ƙaramar a tsawo, faɗin cikinta wajen milimita 22. Bernard Overton ne ya ƙera ta zamani ta farko a Ingila a 1971 domin mabushi Finbar Furey. Ita kuwa sarewar gefe, wadda ake riƙewa a kwance a hura ta ramin da ke kusa da kai, yawanci ta katako ce a kiɗan Ayalan.

A sarewar da ake busawa ta kai, numfashi yana bi ta wata siririyar hanya wadda tsayinta bai fi milimita ɗaya da ɗoriya ba, ya fito ta wata 'yar taga, ya bugi wani kaifi da ke fuskantarsa. Kaifin ya raba iskar, tana kaɗawa ciki da waje, wannan kaɗawar kuma ta motsa iskar da ke cikin bututun. Abin da ke yin amo iskar ciki ce, ba ƙarfen ba. A gita ko ganga jikin abin kiɗan ne da kansa ke girgiza, shi ya sa fenti mai kauri kan iya dusashe su. A sarewa aikin bango shi ne ya tsare iskar cikin siffar da aka ba ta.

Saboda haka wurare huɗu ne ke riƙe da murya: hanyar iska, kaifin taga, santsi da faɗin cikin bututu, sai girman ƙofofin yatsu da zurfinsu. Duk adon da bai kai ga ɗayan huɗun nan ba, kunne ba zai san da zamansa ba. Wanda ya taɓa su kuwa, ko da kaurin gashi ne, za a ji.

Yadda ado ya shigo

Tun asali sarewar nan ba tsirara take ba. Robert Clarke, wani leburan gona daga ƙauyen Coney Weston a Suffolk ta Ingila, ya fara naɗe falle-fallen gwangwani yana yin sarewa a 1843, daga baya ya kafa sana'arsa a yankin Manchester. Samfurin kamfanin da aka fi sani har yau baƙi ne mai zanen lu'u-lu'u ruwan zinariya a kewayen ƙofofi, da toshin katako a baki. Baƙin fentin yana da dalili: gwangwani ƙarfe ne da aka shafa wa kuza sama-sama, idan gumin hannu ya cinye shafen sai tsatsa ta kama. Kamfanin Generation na Birtaniya kuwa ya yi amfani da launi a matsayin alama, jan kan roba ga mai jikin tagulla, shuɗi ga mai shafen nikel. Sarewar kamfanin Feadóg, da ake yi a Dublin tun 1978, an san ta da koren kai.

Zanen igiya mai sarƙaƙiya, wanda mai kallo daga ƙasar Hausa zai ga ya yi kama da dagi, ya samo tushe daga tsofaffin littattafan hannu na sufayen Kirista, musamman Littafin Kells na wajen shekara ta 800 da ke ajiye a Kwalejin Trinity ta Dublin. Masu kishin al'adun Ayalan ne suka farfaɗo da shi a ƙarshen ƙarni na 19, amma hawansa jikin sarewa da yawa abu ne na baya-bayan nan. Ya bunƙasa ne da kasuwar 'yan yawon buɗe ido da kuma farin jinin da kiɗan Ayalan ya samu a duniya a shekarun 1990. Wato zanen tsoho ne, amma aurensa da sarewa sabo ne, kuma ɗan kasuwa ne ya ɗaura shi, ba mabushi ba. Wannan shi ne tushen rabin rainin da tsofaffin mabusa ke yi masa.

Adon da ke ɗauke da aiki

Wani abin da ido ke ɗauka ƙawa ce, a gaskiya gini ne. Dubi zobban azurfa da ke jikin sarewar katako. Sarewar tana rabuwa gida uku ko huɗu, kowane yanki yana shiga bakin ɗan'uwansa. Bakin da ake zura wani a ciki katakonsa siriri ne, ga shi kullum ana matsa masa daga ciki. Zoben shi ke ɗaure shi kada ya tsage. Idan zobe ya saki yana juyawa, alama ce katakon ya bushe ya tsuke, kuma haɗa sarewar a wannan hali shi ne hanya mafi sauri ta fasa ta. A daina haɗawa, a mayar da ita wuri mai ɗanshi na 'yan kwanaki har zoben ya kama, ko a kai wa mai gyara ya matse shi.

Haka zaren da ake naɗawa a jikin sarewar gora ta Indiya da ta Sin. Launinsa ado ne, amma naɗin yana hana tsagewa ta yi gudu a tsawon gorar. A shakuhachi, sarewar gora ta Japan, kuma, ana shafa wa cikin bututun wani kwaɓi da ƙaron itace a goge shi sannu a hankali har faɗin ya daidaita. Wannan shafen na ciki ne, don haka yana cikin abin da ke gina murya.

Ko a sarewar azurfa ta manyan makaɗan Turai, zanen furanni da ake sassaƙawa a farantin da leɓe ke hawa yana da amfani. Azurfa mai santsi tana zamewa idan haɓa ta yi gumi, zanen kuma yana ba ta ɗan kaushin da zai riƙe. Sharaɗin dai kada sassaƙar ta kusanci gefen ramin hurawa.

Fenti, shafe da sassaƙa: inda ake samun matsala

A nan ne masu cewa ado na kashe murya suke da hujja, sai dai ba ta inda suke zato ba.

Fenti mai kauri, irin na garin da ake fesawa a gasa, kaurinsa kan kai kashi ɗaya cikin goma na milimita. A bayan bututu wannan ba komai ba ne. Amma idan an huda ƙofofi kafin a fesa, fentin yana kwanciya a bakin kowace ƙofa. Ɗauki ƙofa mai faɗin milimita 4: idan fenti ya ci 0.1 a kowane gefe, ta koma 3.8, filinta ya ragu da kusan kashi 10 cikin 100. Ƙofa idan ta tsuke muryarta sauka take yi, kuma tunda ƙofofin ba girmansu ɗaya ba, ƙananan sun fi shan wahala. Sai ka ji sarewa wasu muryoyinta daidai, wasu sun yi ƙasa. Maƙeri mai hankali yana fenti kafin huda, ko ya bi ƙofofin ya share bayan fentin ya bushe, sannan ya sake gwada su. Wata illar fentin ita ce inda kai ke shiga jiki. Ana ɗan jan kan waje ko a tura shi ciki domin daidaita murya da sauran makaɗa, fenti kuwa yana sa wurin ya cije. A masu arha da aka manne kan da gam, ana tsoma kan cikin ruwa mai zafi, ba tafasasshe ba, na ɗan lokaci, a murɗa a hankali. Tafasasshen ruwa yana lanƙwasa robar, hanyar iska ta lalace, kuma babu gyara.

Rinin alminiyam ya fi aminci. Ana tsoma ƙarfen a ruwan asid a ratsa masa lantarki, fatarsa ta yi tauri ta buɗe ƙananan ƙofofi masu shan rini, sannan a rufe su. Kaurin abin duka bai wuce kashi 5 zuwa 25 cikin 1000 na milimita ba, kuma ba ya ɓarewa tunda ba a bisa ƙarfen yake ba, cikinsa yake. Shi ya sa manyan sarewu masu launin ja, kore da baƙi irin na kamfanin MK da ake yi a Sikotilan suke da karɓuwa har a wurin ƙwararru. Aibinsa guda: idan ya karce, farin ƙarfen ya bayyana, ba a iya cike wurin.

Shafen nikel yana ƙyalli kuma ba ya dafewa, amma yana da santsi. Mabushi mai gumin hannu zai ji sarewar na neman zame masa, musamman a muryar da ake buɗe dukkan ƙofofi shida, inda babu abin da ke riƙe da ita sai manyan yatsu biyu da leɓe. Wasu mutane kuma fatarsu ba ta jure nikel, sai ƙaiƙayi da ja. Tagulla tsura ta fi kamuwa a hannu, sai dai tana yin duhu tana barin wari a yatsu. Wasu kamfanoni suna shafa mata ruwan ƙyalli don hana haka, shi kuma yana cinyewa a kewayen ƙofofi ya bar dabbare-dabbare. Mai son gogewa ya yi hattara kada man goge ƙarfe ya taru a bakin ƙofa ko ya shiga taga. Idan ya bushe a can, ya zama kamar fentin da aka ambata.

Zanen na'urar leza yana ƙona fata ne sama-sama, ba ya taɓa murya. Sassaƙar hannu ta fi zurfi, don haka ba a yin ta a sarewu masu arha waɗanda bangonsu bai kai rabin milimita ba, domin matsin hannun kaɗai ya isa ya lotsa bututun. Tana dacewa da masu kaurin bango na azurfa ko tagulla. Ko a can ma, ƙa'idar ita ce a bar fili mai santsi a kewayen kowace ƙofa. Layin zane guda idan ya ratsa ƙarƙashin tsokar yatsa, iska za ta riƙa sulalewa ta cikinsa, kuma muryar ƙasa, wadda sai an toshe ƙofofi shida ruf take fita, ita ce za ta fara rawa ko ta tsallake sama. Da yawa masu koyo suna zargin yatsunsu alhali zanen ne.

Akwai haɗari guda da ya wuce batun murya. Wasu tsofaffin sarewun gwangwani na ƙarni na 19 an yi toshin bakinsu da dalma. Irin waɗannan na ajiya ne a kalla, ba na sawa a baki ba.

Azurfa da zinariya fa?

An gwada wannan fiye da sau ɗaya. A 1971 masanin kimiyyar sauti John Coltman na Amurka ya ƙera sarewu uku masu siffar ciki iri ɗaya, ɗaya ta azurfa, ɗaya ta jan ƙarfe, ɗaya ta katako. Masu sauraro sun kasa bambance su, su ma mabusan da ba sa ganin wadda ke bakinsu sun kasa. Shekaru talatin bayan haka masu bincike a jami'ar kiɗa ta Vienna suka gwada sarewu bakwai na kamfani ɗaya, daga mai shafen azurfa har zuwa zinariya da filatinam, suka tarar bambancin da ke tsakanin mabushi da mabushi ya fi na tsakanin ƙarfe da ƙarfe nesa ba kusa ba.

To me ya sa mutane ke jin bambanci? Ba ƙarya suke yi ba. Maƙerin da ya sayi azurfa mai tsada ba zai yi mata aikin gaggawa ba: zai zauna kan kaifi da ƙofofi har su fita yadda yake so. Kowane ƙarfe kuma da yadda yake karɓar wuƙa, gefen da za a samu a tagulla ba lallai a same shi a roba ba. Sannan nauyin abin a hannu da kyansa a ido suna canza yadda mutum ke hurawa. Mabushi James Galway na Belfast ya yi suna da sarewar zinariya, amma muryar da aka san shi da ita daga leɓensa da numfashinsa take.

Me ya sa mabusan gargajiya suka fi son marar zane?

Kiɗan gargajiyar Ayalan ya girma ne a ɗakunan girki da mashaya, inda makaɗa ke zama a da'ira su yi kiɗa tare ba tare da dandamali ba. A irin wannan zama ba a son mai nuna kai. Baƙon da ya zaro sarewa mai walƙiya ya jawo wa kansa ido, kuma za a saurare shi da kunnen gwaji. Wanda ya zaro tsohuwar tagulla da ta yi duhu, wadda wurin yatsu kaɗai ke haske, ya nuna shekarun da ya yi yana busa ba tare da ya ce uffan ba. Mary Bergin, wadda faifanta na 1979 ya zama ma'aunin wannan busa, da sarewar Generation mai arha ta yi suna. An san tsofaffin mabusa da shiga kanti su gwada kwali guda kafin su zaɓi ɗaya, domin ba duk wadda injin ya fitar ce ke da kaifi mai tsabta ba.

Su waɗannan mabusa ƙawarsu a yatsu take. Ana ɗaga yatsa a mayar cikin ƙiftawar ido don a yanka murya gida biyu, ana ɗan bugun ƙofar ƙasa, ana haɗa biyun a yi abin da suke kira rol. Wanda ya ƙware a wannan ba ya jin yana buƙatar zane.

Sarewar katako ma haka ta gaji kamun kai. Bayan Theobald Boehm na Munich ya fito da sarewar ƙarfe ta zamani a 1847, makaɗan birni suka riƙa watsar da tsofaffin na katako irin na maƙera Rudall da Rose na Landan, 'yan Ayalan suka same su da arha. Siffar da ake kwaikwayo har yau ke nan: katako mai duhu, zobban azurfa sirara, shi ke nan.

Amma ɗaya ɓangaren ma yana da hujjoji masu ƙarfi. A makarantun firamare na Ayalan, inda sarewar nan ce abin kiɗan farko ga yara da yawa, launi yana sa yaro ya so abinsa, ya kuma gane tasa cikin talatin. Mabushin dandamali da ke ɗauke da sarewu shida ko bakwai masu muryoyi daban-daban yana buƙatar launi ko alama don ya cafko wadda yake so cikin duhu. Jikokin 'yan Ayalan a Amurka da Ostareliya kuwa, zanen igiyar nan alama ce ta asali, musamman a bikin Saint Patrick, waliyyin Ayalan, na 17 ga Maris, kuma ba daidai ba ne a raina wannan.

A ganina rainin da ake yi wa mai zane ya wuce gona da iri. Gaskiya ne yawancin sarewun kantin tsaraba ba su da kyan murya, amma dalilin shi ne an kashe kuɗin a kwali da fenti an bar kaifi da ƙofofi. Zanen shaida ne kan inda hankalin mai ƙerawa ya tafi, ba shi ne mai laifin ba. Clarke mai lu'u-lu'un zinariya ta daɗe a hannun manyan mabusa, babu wanda ya ce adonta ya hana ta magana.

Doka ta shiga maganar

Tsofaffin sarewun katako da yawa zobbansu na hauren giwa ne. An haramta cinikin haure tsakanin ƙasashe a 1989 ƙarƙashin yarjejeniyar CITES mai sa ido kan cinikin dabbobi da tsirran da ke fuskantar ƙarewa, dokar Birtaniya ta 2018 kuma a fannin kayan kiɗa ta bar ƙofa ne kawai ga waɗanda aka yi kafin 1975 waɗanda hauren jikinsu bai kai kashi 20 cikin 100 ba, su ma sai an yi rajista. Maƙeran yau sun koma azurfa ko robar da ke kama da haure. Shi kansa baƙin katakon da aka fi so, wanda ake kira mpingo a Tanzaniya, kuma yake fitowa a busassun dazuzzukan Afirka tun daga Senegal har Mozambik, ya shiga jerin itatuwan da ake sa wa ido a 2017. A 2019 aka sassauta wa kayan kiɗan da aka riga aka gama ƙerawa, amma ɗanyen katakon har yanzu sai da takarda.

Abin da mai saye zai duba

A fara da kunne. A busa muryar ƙasa a hankali, a ji ko ta tsaya ba rawa, sannan a haura zuwa hawa na biyu, wato muryoyin sama da ke fita idan an ƙara ƙarfin busa, a ji ko tana tsallakawa ba tare da ƙara mai tsaga kunne ba. Manhajar auna murya ta waya ta isa ta nuna ƙofar da ta sauka. Bayan haka a ɗaga sarewar ga haske a leƙa hanyar iska da taga: ɓurɓushin roba, ɗigon fenti ko kaifi mai gatso duk alamun matsala ne. A shafa yatsa a bakin kowace ƙofa a ji ko zane ya ratsa wurin. A murɗa kan a ga ko yana motsi.

Mai son ta katako a wuri kamar Kano ko Damagaram yana da ƙarin aiki. Maƙera suna so a ajiye ta a ɗanshin iska na wajen kashi 45 zuwa 60 cikin 100, hunturu kuwa yana saukar da shi ƙasa da 20. Kan sarewar da aka zura wa bututun ƙarfe a ciki shi ne ya fi fashewa, domin katakon na tsukewa, ƙarfen kuma ba ya ba shi hanya. Maganin shi ne akwatin roba mai murfi da ɗan jiƙaƙƙen soso wanda ba ya taɓa katakon, a share cikin bututu bayan kowace busa, a shafa man almon kamar sau ɗaya a wata, sabuwa kuma kada a wuce minti 10 zuwa 15 a rana a makon farko. Wanda ba zai iya wannan hidima ba ya nemi ta Delrin, wata baƙar roba mai nauyi da ake sassaƙawa da injin da ake yin ta katako, ana sa mata zobban azurfa iri ɗaya, kuma ba ruwanta da hunturu ko damina.